Bindigar Maciji a Aljihun Mota

Duk Juma'a in na fito daga masallaci a Morris Heights, unguwarmu ta nan New York, kafin in gano ƙafar takalmina ta biyu ɗayanku ya tare ni: "Kawu Sabo, ka sa ni a layinka mana. Ai tuƙi ne kawai." Tuƙi ne kawai! Ku da in aka aike ku Brooklyn sai waya ta riƙe muku hannu kamar 'yan yaye. To, tunda Allah bai yi ni da zama wuri ɗaya ba, balle in gama ba ku amsa a tsaye, ga ta nan a rubuce. Rabi na rubuta a kan gwiwata cikin bas, rabi a kan bonet ɗin motar mutane. In kun ga magana tana tsalle, ramin hanya ne.

Sana'ata ɗauko mota. Mutum yana zaune a shagonsa a Fordham Road ko Port Richmond, ya sayi mota a gwanjo ko a hannun mai ita can wata jiha mai nisa. Ni zan hau bas in je in tuƙo ta, ta kwana a garejinmu a Bronx, in jirginta ya tashi lodi in kai ta tashar jirgin ruwa a New Jersey, daga nan sai Kwatano ko Tema ko Legas. Tafiyar da na yi a wannan ƙasa, da za a miƙe ta kamar igiya, da ta kai duniyar wata ta dawo, har da ragowar da zan leƙa Kano in sha fura. Kujerar falona har yau sabuwa ce, ba ta san ni ba.

Motar farko da na ɗauko a Ohio ne, ina bin ubangidana Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi, wanda yanzu gwiwa ta zaunar da shi a gareji. Aka miƙo min makulli, na faɗa kujera na murɗa, inji ya tashi lafiya lau. Ina washe baki ina jiran yabo sai Alhaji ya zuro hannu ta taga ya kashe ta.

"Bon. Hito. Ka yi mata shara?"

"Ranka ya daɗe, ai a wanke take."

"Ni wanki na ce maka? Ka san mi mai ita ya bari ciki? Duk abin da ya bari, kai da ka zamna bisa kujera kai ka gada."

Ranar na koyi shara, kuma ita ce rabin sana'ar. Ba a tayar da mota sai an lalube ta tun daga hanci har wutsiya: ƙarƙashin kujeru, aljihun ƙofa, akwatin da ke tsakanin direba da fasinja, ramin jak, ramin safayar taya, sai aljihun mota, wato 'yar durowar nan ta gaban fasinja. Kayan aikina duka a jaka ɗaya suke. Akwai tocila, da ɗan madubi a kan sanda irin na likitan haƙori, da safar hannu, da maganaɗisu a igiya don abin da ya faɗa inda yatsa ba ya kai, da wayar jona batir, da lambar takarda ta wucin gadi da salatif ɗin manna ta. Abin da na tsinta a motocin Amurkawa zai cika kasuwar Kurmi: haƙoran roba, gashin kanti, kifi busasshe wanda ba a yi niyyar busar da shi ba, har tokar kakan wani a gwangwani. Amma duk ba su Alhaji yake nema ba. Abu ɗaya yake nema.

"Amirik ba ƙasa guda ba ce," haka yake cewa. "Kasuwa ce mai rumfa hamsin, kowace rumfa da mudunta." A Tennessee ko Georgia za ka tsaya shan mai ka ga mutum da bindiga a ƙugu yana zaɓen burodi, mai shago ko kai ba ya ɗagawa. A Virginia in tana rufe a aljihun mota ba a cika tayar da jijiyar wuya ba. Ka ƙetare kogi ka shiga Maryland, mudu ya canza. New Jersey ta fi ta zafi. Nan New York kuwa, lasin bindigar da wata jiha ta ba ka bai fi takardar ƙunshe tsire ba. Wanda ke da lasin nan ɗin ma ba ya hawa jirgin ƙasa mai lamba huɗu na cikin gari da ita, ba ya shiga wurin shaƙatawar yara da ita. Abin da ya fi hana irinmu barci shi ne, in aka ga bindiga a mota kuma ba a jikin wani take ba, doka tana iya cewa ta duk wanda ke cikin motar ce, sai ku je gaban alƙali kowa ya yi ta rantse-rantse. In kuwa ba ɗan ƙasa ba ne kai, bayan gidan yari akwai jirgin sama, kuma tikitin na tafiya ne kaɗai. Ni ba lauya ba ne, dokokin kuma suna canzawa kamar farashin tumatir, mai bukata ya tambayi masu ilmin. Amma wannan ɗan karatun na haddace shi kamar sunana.

Motocin Hajiya Rabi su suka koya min halin masu kaya. 'Yar Zangon Kumasi ce, tana da shagon atamfa da turare kusa da Fordham Road. In ina tuƙo motarta tana kirana a kowace gada. "Sabo, ka biya Philadelphia, wata ƙawata za ta ba ka saƙo, ɗan ƙarami ne." Ɗan ƙaramin saƙon Hajiya sai mutum biyu sun kama. Ni kuwa ƙa'idata, duk saƙon da zai shiga mota sai an kwance shi a gabana. An yi fushi da ni, an ce ba ni da kunya, an ce na raina amana, wata tsohuwa har ta ce uwata ba ta yi min tarbiyya ba don na buɗe ƙullin daddawarta. Na ce, "Iya, ki yi haƙuri, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ni ne kuwa maratayin."

Sai shekarar korona ta zo, da wadda ta biyo ta. Gwanjo ya koma cikin waya, tsofaffin motoci suka yi tsadar da ko amarya ba ta yi, jiragen ruwa suka yi ta jeka-ka-dawo da mu. Na yi watanni ina zagaye falo kamar kura a keji, har maƙwabcin ƙasa ya hau ya tambaya ko doki na saya. Da hanya ta buɗe, mota ba ta samuwa a kusa. Dole muka koma bin ƙauyuka, muna saya a hannun manoma da tsofaffin da suka daina tuƙi. A nan ne aikin da nake so in ba ku labari ya same ni.

A-kori-kura ce, fara, a wata gona cikin duwatsun Tennessee. Mai saye Malam Issaka ne, yayan Hajiya Rabi, tsohon direban tasi mai farin gemu, mutumin da bai taɓa yin ƙarya ba ko da wasa, abin da ya sa ba a son zama kusa da shi a wurin biki. Ƙannensa suna noma masara a gida, motar tasu ce. A lokacin ya ci jarrabawar zama ɗan ƙasa, saura rantsuwa sati mai zuwa, kuma da ya rantse takardar matarsa da ke jira a Kumasi shekara da shekaru za ta yi sauri. Na ce ya zauna gida in je in dawo. Ya ce a'a.

"Massa, mota kamar rago ne. Ba a saya a hoto, sai ka taɓa."

Hajiya ta raka mu tashar bas da kular wake da shinkafa. "Sabo, yadda na ba ka yayana haka za ka dawo min da shi. Ko gashin gemunsa ɗaya ya ɓata, kada ka biyo ta Fordham."

Mai motar wani dogon tsoho ne Bature, da hular kaboyi da kare mai ido ɗaya. Malam Issaka bai tambayi sunansa ba ya laƙaba masa Papa, shi kuma ya amsa. Suka zauna a baranda suna ciniki kamar a Zango, Malam yana kushe tayoyi yana yabon kare. Ni na sa safar hannu na shiga shara. Na fitar da ciyawar da za ta ciyar da saniya, da ƙusoshi, da biskit ɗin kare. A aljihun mota na ga wani tsumma mai warin man bindiga, babu komai cikinsa. Na ɗaga wa Papa shi. Ya ce, "Kada ka damu, jiya na cire bindigar." Na sake haskawa da tocila, wayam. Na rufe. Shara ta ƙare.

Daga nan na manna lambar takarda, na kwanta ƙarƙashin motar don duba safaya, domin a irin waɗannan a ciki take rataye. Ina kwance ina kokawa da tsatsa na ji suna ƙyalƙyala dariya, na ji an buɗe ƙofar fasinja an rufe. Na ɗauka Malam ne yake ajiye kularsa.

Muka kama hanya da hantsi. Virginia doguwa ce kamar wa'azin wanda bai karya ba. Malam Issaka yana ta waƙe-waƙen bege, lokaci-lokaci yana shafa dashbod kamar mai lallashin jariri. Na ce a raina mutum ya sayi mota, dole. Da la'asar muka shiga West Virginia, na tsaya a wurin hutawar matafiya na ƙarshe kafin kogi, don daga gadar nan sai Maryland. Muka yi salla a kan ciyawa, muka buɗe sauran abinci a cikin mota.

"Massa," in ji Malam, yana lashe cokali, "kai tuƙi ka iya, amma ciniki ba ka iya ba. An taɓa sayen abu a tashi ba gyara?"

"Yaya, gyara a Amurka? Nan ko barkono ka saya ba a ƙara maka ɗaya."

"Don ba ku tambaya! Ni na gaya wa Papa, a wurinmu in ka sayi mudun gero, mai awo yana ƙara maka tafi ɗaya, don albarka. Ya ce al'adan ya yi kyau paa. Ya ce me za a yi da motan? Na ce gona. Ya ce akwai maciji? Na ce maciji har da na gado. Sai ya shiga ɗaki. Buɗe nan ka gani."

Na buɗe aljihun mota. Tsumman nan na ɗazu ya yi ciki. Na ɗaga gefensa da bakin cokali. Ƙaramar bindiga ce mai juyi, baƙa, gindin harsasai suna leƙowa suna ƙyalli kamar haƙoran Makka.

Jama'a, na taɓa jin taya ta fashe min a kan gada, na taɓa tuƙa mota ba birki daga dutse har kwari, amma ban taɓa jin wake da shinkafa sun tsaya min a wuya sun juya sun kalle ni ba sai ranar.

"Ya ce na maciji ne," Malam yana ta bayani. "Ya ce tun yana saurayi motan da bindigan tare suke, bai kamata a raba su ba. Ka ga mutumin kirki?"

"Yaya Issaka, ka san abin da ke bayan kogin can?"

"Amurka."

"Nan fa?"

"Amurka. Chale, ba ka ga mutumin gidan mai ba ɗazu, da nashi a ƙugu kamar waya? Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya. Na karanta a littafin jarrabawa, na ci kuma."

Na rufe aljihun a hankali kamar mai rufe ɗakin da zaki ke barci, na kulle shi da makulli, na fita na kira Alhaji Mamman. Ina magana ina zagaye motar, na tabbata na haƙa rami a wurin.

"Mi ya hwaru?"

Na gaya masa.

"Ka yi shara?"

"Na yi, ranka ya daɗe. Bayan shara ta shigo. Gyara ce."

Sai na ji yana dariya har da tari. "Gyara! Wallahi sai mutanenmu. Bon, saurara. Ka ƙetara kogi?"

"A'a."

"Kada ka ƙetara. Kada ka taɓa ta, kada ka gwada ma kowa. Inda ka ɗauko, can za ka maida."

Na koma na gaya wa Malam. Nan fa aka yi ta. Ya ce a jefa ta kogi in tsoro nake ji. Na ce bindiga tana da lamba, in yaro ya tsince ta ko wani ɗan iska ya yi aiki da ita, Papa za a fara nema, Papa kuma ya san wanda ya ba. Ya ce a ɓoye ta cikin safaya har jirgi. Na ce in kwastan suka gan ta a tasha, ba ni da shi kaɗai ba, har Hajiya sai ta rufe shago. Ya ce to mu kai wa 'yan sandan nan. Na ce mai yiwuwa su karɓa su gode, mai yiwuwa kuma su tambayi yadda mutumin New York ya karɓi ƙaramar bindiga hannu da hannu a wata jiha, su rubuta sunansa, ranar rantsuwa kuwa ana tambaya ko wani abu ya haɗa ka da hukuma tun bayan jarrabawa, shi kuma ba ya ƙarya. Muka kira Papa, wayar gida ce, ta yi ta kuka ba a ɗauka ba.

"Mayarwa dai ba zan yi ba," in ji Malam. "Ba a mayar da hannun kyauta. Tsoho ya ba ni abin da ya riƙe tun yana saurayi, in je in ce ba na so? Ubana bai koya mini haka ba."

"Yaya, matarka tana Kumasi tana jiran takarda. In muka hau gadar can da wannan abu aka tsayar da mu, kai za a kai mata, ba ita za a kawo maka ba. Kuma ba da a-kori-kura za ka isa ba, da silifas."

Ya kalli gadar, ya ja gemu. Can ya ce, "Juya."

Tafiyar komawa ita ce mafi tsawo a tarihin tuƙi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk motar da ta biyo mu ta 'yan sanda ce, har motar sayar da askirim. Na bi ƙa'idar gudu sau da ƙafa har wata tsohuwa mai gilashi kamar gindin kwalba ta wuce mu tana yi min tsaki. In muka faɗa rami sai mu duka mu ɗage ƙafafu, don ba wanda ya san inda bakin abin ya dosa, kuma cikinmu babu wanda ya san yadda ake cire harsashi. Malam ya daina waƙa, ya koma salati. Muka yada zango a hanya, gari na wayewa muka ƙarasa.

Papa yana ba kaji hatsi ya gan mu. Ya ɗauka mota ce ta ba da matsala. Ina shirin buɗe baki Malam ya riƙe min hannu, ya gyara hula, ya yi gaba.

"Papa, kyautanka na karɓa, na gode, nawa ne har abada. Amma a wurinmu akwai wani al'ada kuma. In mutum zai yi tafiya, abin da ya fi so ba ya ɗauka, yana ba babban mutum ajiya. Garin da nake, in suka ga wannan a hannuna, za su kore ni daga ƙasan. Ka riƙe mini. In maciji ya zo, ka harbe shi da sunana."

Papa ya dube shi, ya dube ni. Ya buɗe aljihun, ya ɗauko ta kamar mai ɗaukar cokali, ya buɗe cikinta, ya zazzage harsasan a tafinsa. Abin da ya hana mu numfashi tun jiya, shi a wurinsa ludayi ne.

"Kore ka? Don wannan 'yar abar? To a New York me kuke yi wa maciji?"

Na ce, "Papa, namu macizan a tsaye suke tafiya, kuma kowanne da lauyansa."

Ya yi dariya har karen ya yi haushi. Ya ce ya karɓi ajiya. Matarsa ta ce ba za mu tafi hannu rabbana ba, ta kawo kwalbar zuma da kankana. Na ce madalla, amma kowa ya matsa. Na sa safar hannu na sake shara daga farko. Na lalube mota, na lalube kula, na lalube aljihun Malam Issaka da cikin hularsa, na haska zuma da tocila. Kankanar ma sai da na fasa ta muka shanye a tsaye.

Muka sake bin Virginia karo na uku, har shanun bakin hanya sun fara gaishe mu. Muka haye kogi, muka ratsa Maryland da Pennsylvania cikin ruwan sama. Muna shiga New Jersey, ga dogayen gidajen New York sun kusa bayyana, sai fitila ja da shuɗiya ta cika madubi. Ruwa ya jiƙa salatif, lambar takarda ta saki gefe ɗaya tana lilo.

Na tsaya, na sauke gilashi, hannuwa a kan sitiyari. Ɗan sandan ya karɓi lasin da takardun mota, ya ga daga inda muka fito.

"Tennessee. Akwai makami a motar?"

"Babu, yallaɓai."

Sai na ji an yi gyaran murya a gefena.

"Ofisa, gaskiya ina da bindiga guda ɗaya."

Hannun ɗan sandan ya sauka ƙugu. Murya ta canza. "Kowa ya ɗora hannu a gaba! Kada wanda ya motsa! Tana ina?"

"Yana Tennessee, wurin Papa. Ajiya na ba shi."

Na ce da Hausa, ta gefen baki, "Yaya, wa ya tambaye ka?"

"Massa, sati mai zuwa zan ɗaga hannu in rantse. Ba zan fara da ɓoye-ɓoye ba."

Aka fito da mu, aka zaunar da mu a kan ƙarfen bakin titi cikin yayyafi. Mota ta biyu ta zo, ta uku ta zo da kare. Suka yi wa a-kori-kurar nan sharar da har na yi zargin Alhaji Mamman ne ya koya musu: kujeru, ƙofofi, ramin jak, safaya. Karen ya je aljihun mota ya tsaya yana shinshina, aka buɗe. Wayam, don har tsumman na bar wa Papa. Ina zaune ruwa yana bin wuyana, ina lissafin cewa da mun haye gadar nan jiya, wannan hanyar za mu biyo, wannan salatif ɗin ne, waɗannan mutanen ne. Na dubi Malam. Shi ma aljihun yake kallo, gemunsa yana ɗiga.

Ɗan sandan ya dawo riƙe da kwalbar zuma, ya juya ta, ya mayar. Ya ba ni takardar gargaɗi a kan lamba, da sunana ni kaɗai. Sannan ya leƙa wurin Malam ya ce, "Baba, ta Tennessee ta zauna a Tennessee."

"In sha Allahu, Ofisa. Papa mutum ne mai amana."

Na kai wa Hajiya yayanta da gemunsa cif, ko da yake nawa ya yi furfura a tafiyar. Motar ta hau jirgi, tana can tana ɗaukar masara. Papa kuwa duk Kirsimeti sai ya kira ya ba da rahoton ajiya, ya ce bindigar Malam ta kashe maciji a bayan rumbu. A takarda ta Papa ce, ba ta taɓa zama ta kowa ba sai shi. Amma ku je ku ji Malam Issaka a bakin masallaci yana ba da labarin farautarsa, mutumin da bai taɓa harba ko danƙo ba. Tun daga ranar na ƙara wa karatun Alhaji aya ɗaya, shi ma ya karɓa: shara ba ta ƙarewa sai an gama sallama, an gama gyara, an rufe ƙofa, kai ne na ƙarshe da ya taɓa motar. Mai son shiga layina ya fara haddace wannan, tuƙi kuwa ko biri aka ba lasin zai yi.

Ranar rantsuwa ni na kai Malam Issaka, cikin farar shadda da takunkumin korona a haɓa. Iyakata ƙofa, ba a barin 'yan rakiya. A bakin ƙofar akwai na'urar bincike da wani ƙaton mai gadi yana tambayar kowa, ɗaya bayan ɗaya, ko yana ɗauke da makami. Layi ya zo kan Malam Issaka. Na ga ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsa.

"Ofisa, gaskiya..."

Ban san lokacin da na tsallake igiyar layi ba. Na ja takunkumin na rufe masa baki har hanci, na ce wa mai gadin, "Babu, yallaɓai. Ni na yi masa shara da kaina."

Matar Malam tana Morris Heights yanzu. In kun ci wake da shinkafar da ake rabawa bayan Juma'a, nata ne.